Yadda Mai Girma Ya Raba Gardama a Kan Tayar Kekena

Ranar Talatar da ta wuce Mai Girma ya yanka mini tayar keke. Kafin masu kai rahoto su zuba takalmansu su ruga, bari in gyara zancena: ba da hannunsa mai albarka ya yi ba, wannan sai daga baya. Allonsa ne ya fara.

Mutanen Gyadi-Gyadi sun san allon da nake nufi. Shi ne wanda aka kafa a bakin layinmu shekarun baya, ranar da aka zo da makaɗa da katafila aka ƙaddamar da aikin titi. Katafilar ta yi gurnani, ta kankare ƙasa kamar tsawon tabarma, muka yi tafi har hannu ya yi zafi, sannan aka ɗora ta a bayan babbar mota aka tafi da ita. Allon ne kaɗai ya zauna zaman amana da mu, ɗauke da hoton Mai Girma Inuwar Marasa Laima yana yi wa ramukanmu murmushi. Da iskar damina ta gaji da ganinsa sai ta kwantar da shi, kwata ta yi masa wanka, ƙasa ta binne rabinsa, gefen langalangar ya rage a waje da kaifinsa. Ni kuma na taho da sassafe, kariyar kekena cike da hulunan mutane, ina ƙoƙarin kauce wa wani rami da ya girmi autata, sai kawai na hau kan aikin alheri. Na ji fuuus! Da na sauko na duba, gefen tayar baya ya dare, yatsuna uku suna shiga ba tare da sallama ba.

Ga wanda bai san mai wannan shafi ba, sunana Sani, sana'ata wankin hula. In karɓo, in wanke da buroshi, in sa sitaci, in kafa a kan katako ta bushe, in mayar wa mai ita ta tsaya masa a ka kamar yau aka ɗinka. Rabin sana'ar ruwa da sabulu ne, ɗaya rabin kuwa keke ne. Kuma a cikin hulunan da ke kariyata ran nan akwai na Alhaji Lawan na Hotoro, mai sayar da siminti, mutumin da Allah ya ba 'ya'ya maza cike da gida kuma kowannensu yana da kai. Hulunan gidansa su ne ke riƙe da tukunyar gidana, wannan ko ɓeran gidanmu ya sani. Da zan karɓo su sai da ya tsayar da ni a zaure ya ce, “Malam Sani, na gaji da jin ‘faci na yi’. Juma'ar nan idan muka fita masallaci hulunan nan ba su iso ba, to ka ɗauka mun yi sallama.” Na ce masa ko da rarrafe ne za su iso.

Na turo keken zuwa bakin titi, inda Allah ya haɗa ni maƙwabtaka da mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, sai a kan kwanon ɗanwaken da suke ci tare kullum da hantsi. Ɗaya Mu'azu mai faci, a gindin darbejiya. Ɗaya Ozoemena mai kayan keke, wanda muke kira Ozo, haifaffen Kano, in yana zuba Kananci sai ka rantse a cikin ganuwa aka yanke masa cibiya.

Mu'azu ya zura yatsa a cikin yankan, ya leƙa ta ciki ya hango ni ta waje, ya ce, “Wannan ai ƙwarzane ne, Malam Sani. In ɗinke ta da zaren takalmi, in shimfiɗa mata yankin tsohuwar taya daga ciki, in liƙe tiyub. Kafin ka gama shan shayi ka hau abinka.”

Ozo ya ajiye cokalinsa ya taso. “Maƙwabci, ka ji tsoron Allah. Tayar nan facin da ke jikinta ya fi tayar yawa. Idan aka kira ta ranar hisabi, Mu'azu ne zai amsa. Ga sabuwa can a kan ƙusa, ita kaɗai ta rage irin ta kekenka. Ɗauko a sa maka, ka huta, mu ma mu huta da jin fuuus.”

“Kada ka saurare shi,” in ji Mu'azu. “Wannan ko ƙudan zuma ne ya harbi taya cewa zai yi a sayi sabuwa.”

“Shi kuma ko jirgin ƙasa ne ya taka ta cewa zai yi ƙwarzane ne.”

Na tsaya a tsakiyarsu ina sosa ƙeya. Gaskiya kowannensu yana da hujja. Ɗinki zai kai ni Hotoro ranar Juma'a, amma wa ya san ranar da zai sake buɗe baki? Sabuwa kuma za ta ba ni kwanciyar hankali, amma za ta taɓa cefane, kuma uwargida Lami ba ta wasa da cefane. Na tuna manyanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, su ba su san wannan ciwon kai ba, domin sun daɗe da raba aikin: abin da yake nasu a sake sabo, abin da yake namu a yi masa faci. Motar ofis in ƙura ta hau kujerarta sai a zauna taro a yanke hukuncin ta tsufa. Titinmu kuwa in ya haɗiye akuya sai a turo mutum biyu da baro ɗaya na tsakuwa. Na kusa ce wa Mu'azu bismillah, har ya zaro allurarsa, sai muka ji ihu daga bayanmu.

“Kada ka taɓa ta! Don girman Allah kada ka taɓa ta!”

Kabiru ne, ɗan layinmu, wanda tun zaɓen da ya wuce ya daina amsa sunansa sai an haɗa da Kodineta. Abin da yake kodinetin babu wanda ya sani, amma yana da waya biyu da jaka a hammata. Ya durƙusa a gaban tayar yana kallonta kamar wanda ya tsinci ɗan'uwansa da ya ɓata.

“Malam Sani, kakarka ta yanke saƙa! Ka san tun yaushe muke neman irin wannan? Jibi Alhamis Mai Girma zai ƙaddamar da shirin Sabuwar Taya, Sabuwar Rayuwa a Tarauni. Mun zaga ko'ina, duk tayar da muka samu hujinta ƙarami ne, ba ya fitowa a hoto. Amma wannan! Wannan ko daga bayan rumfa za a gan shi. Kai ne za ka zama mutum na farko da zai karɓi sabuwar taya daga hannun Mai Girma, kyauta, a gaban duniya.”

Jama'a, kalmar kyauta tana da wani sanyi da ke bi ta kunne ya sauka har gwiwa. Nan take na ji gardamar Mu'azu da Ozo ta zama ta ƙananan mutane. Ga hanya ta uku ta buɗe: ba ɗinki, ba taɓa cefane. Na janye kekena daga hannun Mu'azu a hankali, kamar mai janye yaro daga bakin rijiya.

Sharuɗɗan ba su da yawa. Kada a ɗinke, kada a wanke, in zo da riga mai ɗan yagewa. Na ƙarshen ne ya tsaya mini a maƙogwaro: wai in sa hula mai dauɗa. Ni! Mutumin da in na ga hula ta yi maiƙo a kan baƙo a masallaci sai sallata ta nemi rikicewa. Na ce wa Kabiru a yi mini afuwa a kan wannan. Ya ce talaka mai tsabtatacciyar hula ba ya ba da tausayi. Haka na je na aro hular mai gyaran injin niƙa.

Da na shiga gida ina rawar kafaɗa, Lami ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Malam, ka kai wa Mu'azu ya ɗinke, ka wanke hulunan Alhaji yau da akwai rana. In sun ba ka sabuwar, ai ba ta ƙi zama a rataye ba.”

Na ce, “Ke ba ki san yadda harkar manya take ba. Yankan suke so.”

Ta ce, “Na ga alama.”

Niyyata in yi wankin ranar Laraba. Sai ga Kabiru tun da safe, wai a zo gwaji. Ashe karɓar kyauta ma sai an koya. Wuni guda muna wani fili ana nuna mini yadda zan tako, inda zan tsaya don kada in tare hasken fuskar Mai Girma, da yadda zan share hawaye da bayan hannu ba da tafin hannu ba. Wani mai taimaka wa Mai Girma na musamman kan harkokin ƙafa biyu ya ce kukana ya yi kama da dariya, a sake. Na sake har sai da na tuna rasuwar kakata, sannan ya ce yauwa. Kafin a sallame mu hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Na ce ba komai, gobe taron na safe ne, kafin azahar na dawo a kan sabuwar taya na yi wankina.

Alhamis tun bayan asuba muna Tarauni. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo lasifikar da in ta yi tari sai awakin unguwa su watse. Hantsi ya yi, aka ce Mai Girma ya taso. Azahar ta yi, aka ce yana hanya. Muka yi sallah muka dawo, aka ce ya kusa. Ni ina tsaye riƙe da keke, hular mai injin niƙa tana narkewa a kaina, warin baƙin mai yana sauko mini har hanci. Sai bayan la'asar muka ji jiniya. Jerin motocinsa ya kai tsawon layin da ke gidan man bakin titi, bambancin kawai nasa yana motsi.

Aka yi jawabai. Wani ya ce tun da aka ƙirƙiri keke ba a taɓa yin shugaba mai tausayin taya irin wannan ba. Wani ya ce shi ya yi mafarkin wannan rana. Sannan aka kira sunana, aka ɓata shi, aka gyara. Na tako yadda aka koya mini. Wasu ƙarti biyu suka kifar da kekena suka zare tsohuwar tayar, suka miƙa wa Mai Girma. Ya ɗaga ta sama da yatsu biyu, ya juya yankan ya fuskanci masu hoto, ya ce da murya mai rawa, “Ku dubi abin da talakana yake hawa! Daga yau mun yanke zamanin faci!”

Sai na ga an miƙo almakashi a kan faranti.

Wannan ba ya cikin gwajin da muka yi. Amma kun san manyanmu, taro ba ya cika sai an yanka wani abu, kuma ranar babu ƙyalle, babu gini, babu titi. Mai Girma ya kama tayata ya datsa. Almakashin ya ƙi, domin na yankan ƙyalle ne, ita kuwa taya akwai waya a bakinta. Ya ƙara matsawa har jijiyar wuyansa ta fito. Makaɗa suka ƙara wuta don rufe kunya. Aka ruga wurin wani maƙeri aka aro almakashin yankan langalanga. Kuma, jama'a, wa kuke zaton ya riƙe masa ɗaya gefen ya ja da kyau don ta yanku? Ni ne. Ina riƙe ina murmushi. Ya datsa nan, ya datsa can, tayata ta rabu gida biyu, fili ya ɗauki tafi. Can cikin taro na hango Mu'azu ya ɗora hannu biyu a ka.

Sannan aka fito da ita. Sabuwa fil, baƙa wuluk, an ɗaura mata ƙyalle mai walƙiya, ƙanshin sabuwar roba yana tashi. Aka sa ta, aka yi mata iska, aka ce in hau in zaga. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na ji daɗin da rabona da irinsa tun ina yaro. Keken nan da kullum yake tafiya yana ɗingishi sai ga shi yana sulɓi kamar a kan tayil. Na zaga rumfa ina kaɗa ƙararrawa, mata suna guɗa, na saki hannu ɗaya, na saki na biyu, har na miƙe tsaye a kan feda ni da furfurata. Da na sauko na rungumi Mai Girma, hawayen da suka zubo ba na gwaji ba ne, kuma da tafin hannu na share su. Aka yi ta ɗaukar hoto.

Jiniya ta sake tashi, motoci suka bi juna, masu rumfa suka fara kwance igiya. Ina shirin hawa in nufi gida sai Kabiru ya dafa sirdin.

“Malam Sani, ɗan sauko.”

“Lafiya?”

“Lafiya lau. Za mu cire ne.”

“Ku cire me?”

“Tayar mana. Ai samfur ce. Gobe tana Darmanawa, jibi Unguwar Gano. Ku naku suna hanya, an riga an sa hannu.”

Na ce, “Kodineta, to tawa fa? Tsohuwar?”

Ya nuna mini ita a ƙasa, gida biyu, ya ce, “Ai ka ji da kunnenka, wannan zamanin ya wuce.”

Haka na dawo Gyadi-Gyadi da keke a kafaɗa, wili tsirara, rabin taya a kowane hannu. Mu'azu ya karɓi guntayen ya haɗa bakinsu ya raba, ya sake haɗawa. Mutumin da bai taɓa cewa wani abu ya fi ƙarfinsa ba ya dube ni ya ce, “Malam Sani, an tsinke mata waya. Wannan ba ƙwarzane ba ne.”

Na juya wurin Ozo na ce ya sauko mini da ta kan ƙusa, cefane ya yi haƙuri. Ya nuna mini ƙusar. Babu komai a kanta.

“Ba ka gane ta ba?” in ji shi. “Ita ce ka zaga rumfa da ita. Jiya suka zo suka ɗauke ta haya, sai sun gama zagaya unguwanni za su dawo mini da ita. Da ka saya ranar Talata, maƙwabci, da yau sai dai su ƙaddamar da famfon yi wa taya iska.”

Suka dubi juna shi da Mu'azu, suka yi ƙoƙarin daurewa, abin ya gagara. Sai da Mu'azu ya faɗo daga benci. Ni ma na yi dariyar, don in ban yi ba wani abin zan yi. Da suka lafa Ozo ya ce gobe da sassafe zai shiga kasuwa ya nemo mini wata, in Allah ya sa ya sami abin hawa.

Juma'a na tashi da asuba na hau wanki. Gari ya wayi da lumshi, rana ta ƙi fitowa, hula kuwa ba ta bushewa da fatan alheri. Na jera su a kan katako ina fifita da mafici, Lami tana fifita da faifai. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Sai wajen sha biyu suka yi ƙarfin da za a iya ɗauka. Ozo bai dawo ba. Na fito titi da ƙunshin huluna, masu adaidaita sahu duk suna layin mai suna barci a kujerar baya, 'yan kaɗan da ke yawo kuma an cika su har bakin direba. Na ɗora ƙunshin a ka na kama hanyar Hotoro da ƙafa, ina tafiya ina haɗawa da sassarfa, ina jin huɗuba tana tashi daga masallaci zuwa masallaci. A hanya na tsaya na bi sallah da ƙunshin a gabana.

Na iso daidai lokacin da suke dawowa. Alhaji Lawan yana gaba da wata tsohuwar hula da ta kwanta gefe guda, 'ya'yansa suna biye, wani da hular sanyi, wani kai ba komai. Na durƙusa na ce, “Alhaji, wallahi taya ce…”

Bai bar ni na ƙarasa ba. Ya zaro waya daga aljihu, ya latsa, ya juyo mini da ita. Ga ni nan tsaye a kan feda, hannu biyu a sama, haƙora duk a waje, sabuwar taya tana sheƙi.

“Wannan wane ne?”

“Ni ne, Alhaji, amma…”

“Har kuka ka yi. Duk gidan nan mun gani, mun yi maka murna. Shekara da shekaru kana ce mini faci, ina yarda. Yau da sabuwar taya ka makara, kuma ka zo kana rantse mini. Sannan dubi hular da ke kanka a hoton nan. Mai wankin hula ke nan?”

Na buɗe baki in ce samfur ce, tana Darmanawa. Sai na ji yadda maganar za ta fito, na rufe bakina. Ni kaina da wani ne ya ba ni labarin da ban yarda ba. Ya sa aka karɓi hulunan, ya sallame ni da mutunci, ya ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin mutumin kirki ne, kuma wannan ne karo na farko da uzurina yake gaskiya tsantsa daga farko har ƙarshe.

Da yamma Ozo ya dawo da taya, Mu'azu ya sa mini ita bai karɓi komai ba, suna yi suna gardama a kan wanda ya fi gaskiya ranar Talata. Yanzu kekena lafiyarsa ƙalau, yana sulɓi, kariyar ce dai ta yi sauƙi. Lami ta rage cefane ba tare da ta ɗaga murya ba. In kun san mai 'ya'ya maza da yawa, ku nuna masa layinmu.

Ba zai ɓata ba, domin shekaranjiya an zo an kafa sabon allo a daidai inda tsohon ya kwanta. Hoton Mai Girma ne yana miƙa taya, da ni ina kuka a cikin hular mai injin niƙa. Na je na duba aikin da kyau: langalangar sabuwa ce mai kaifi, ƙafafun kuma ba su shiga ƙasa sosai ba. Don haka 'yan'uwana masu keke, idan iska ta kwantar da shi ku kauce ta hagu. Wanda bai kauce ba kuma ya yafe mini, wannan karon da fuskata za a yanka shi.